Roba Ta Bakwai

Laraba, 7 ga Agusta 2002, bayan la'asar

Tun ina sabon diresa, mai wanke ciwo da ɗinki a asibiti, shekara arba'in da 'yan kai ke nan, na fara jin maganar nan: wai allurar kashe zafi mai jan rubutu, in aka yi wa mutum ita a yatsa, sai yatsan ya mutu a tsaye kamar bishiyar da aradu ta faɗa wa. Wanda ya koya mini ɗinki ne ya fara gaya mini. Shi wai Bature ne ya gaya masa, Baturen kuwa ban san wa ya gaya masa ba. Na riƙe ta a matsayin doka, amma ban taɓa yarda da ita har zuci ba, don ban taɓa gani ba. Kakata da ta raine ni takan ce labarin da kowa ya ji amma babu wanda ya gani, a ba shi tabarma a zaure, kada a shigar da shi cikin gida.

Yau maganar ta dawo, kuma ta ɗakin shan maganinmu ta biyo. Bari in rubuta yadda aka yi tun kaina bai fara yi wa abin kwaskwarima ba.

Ni Ya'u na yi ritaya shekara shida da suka wuce, amma kullum ina nan, don an ce gwamnati ta tsuke bakin aljihu, ba a ɗaukar ma'aikata. Ma'aikaciya ɗaya tak gare mu, Badi'a, yarinyar da ta gama makarantar aikin lafiya aka kawo mana ita bara waccan. Ita ke da takarda, ni ke da furfura. Haka muke lallaɓawa.

Ran Litinin da hantsi aka kawo Hambali, wani matashi daga rugar da ke bayan Gude, baffansa da kowa ke kira Bappa yana riƙe da shi. Ciyawa yake yanka wa shanu lauje ya zame. Da yake bahago ne, hannun dama ne ya sha, manuniya, tsakanin gaɓa ta farko da ta biyu. Jini yana tsartuwa. Na tsayar da shi yadda na saba.

Badi'a ta buɗe kabad ta tsaya tana kallo kamar mai jiran wani abu ya tsiro a ciki.

Na ce, "Farar ligino, allurar kashe zafi?"

Ta ce, "Baba, tun watan Mayu ta ƙare. Na rubuta wa ofis sau uku."

"Feshin sanyi fa?"

Ta girgiza gwangwanin a kunnena. "Ko da akwai, sanyinsa bai wuce atishawa ɗaya ba. Wannan kuwa ɗinki shida ne."

"Ƙanƙara?"

"A wane firijin? Wanda kaza ta yi ƙwai a bayansa?"

Sai ya rage kwalba mai jan rubutu, ligino ce ita ma, amma haɗe da adirenalin, mai tsuke hanyar jini don wurin ya daɗe a mace kuma kada jini ya dami mai ɗinki. A kai ko a cinya babu kamarta. A yatsa ne aka ce a'a.

Hambali ya ce, "Ku ɗinka haka nan. Ba sai an ɓata magani ba."

Bappa ya gyaɗa kai, yana jin daɗi. Su mutanen nan, kuka a gaban jama'a ya fi musu yanka ciwo.

Badi'a ta ce, "Ba dukancin fata nake yi ba, mutum nake ɗinkewa. Baba, a bitar da muka je Kano wani likita ya ce tsoron nan ya girmi hujjarsa. Ya ce ga mai lafiya, kaɗan ba ta kashe yatsa."

Na ce, "Akwai hanya ta biyar, ta Baba Ya'u: labari."

Ta yi dariya. "Labarinka ba ya kashe zafi, Baba, mantar da mutum yake yi. A haɗa biyun."

Aka haɗa. Ta yi allura, ta ɗinka tsaf. Ni kuwa na ɗauko masa labarin kurar da ta je neman aikin ladanci. Tana ɗaure zare na ƙarshe aka kira ta, wata mata ta zo da naƙuda. Ta ce in naɗe. Na naɗe, ina naɗi ina labari, don mun zo daidai inda liman ya ce wa kura ta buɗe baki a gwada muryarta. Hambali ya yi dariya har Bappa ya harare shi. Na ce ya dawo Laraba.

Ya dawo yau. Badi'a ta fita rigakafi, Bappa yana waje gindin darbejiya, ni kaɗai na kwance bandeji. Yatsan ya yi baƙi, ya yi sanyi kamar ƙarfen rijiya.

Hambali ya kau da kai wajen taga. Na yi abin da na yi da almakashi. Na rubuta musu takardar babban asibiti a Gwarzo.

Laraba, bayan magariba

Kafin su tafi na ce wa Hambali, "Bai yi maka ciwo ba?" Ya ce, "Ya ɗan taɓa."

Bappa ya ce tun yammacin Litinin yake cizon gefen rawaninsa har ya huda shi, amma bai ce uffan ba, kuma su ma ba su tambaye shi ba. Kwana biyu. Da ɗan birni ne da kafin la'asar ya dawo yana zagin iyayenmu, da yanzu yatsansa na nan.

Alhamis, 8 ga wata, da hantsi

Akwai ƙusa a bayan ƙofar ɗakin ɗinki. A nan nake rataye robobin da nake yankowa daga robar cikin tayar keke, waɗanda nake ɗaure gindin yatsa da su a tsayar da jini kafin a yi ɗinki. Bakwai ne, kullum bakwai. Ƙa'idata, in na ɗaura roba sai in maƙale mata hantsaki yana reto, yadda ba za a iya naɗe hannu ba sai an cire. Hantsakinmu uku ne da. Biyu sun karye. Na ukun yana hannun Badi'a ran Litinin, da shi take riƙe allurar ɗinki.

Na ƙirga yau. Shida.

Ba sai na ƙirga ba ma.

Asabar, 10 ga wata, azahar

An cire yatsan jiya, daga gindi.

Marka, uwargidana, ta ce in ba ta rigar da na sa ran Laraba ta wanke. Na ce ba ta yi datti ba. Ta ce, "Shekara talatin da takwas ban taɓa jin ka kare riga ba, Malam. Ko an sa maka laya a aljihun?" Na ce ta ji da tuwonta.

Litinin, 12 ga wata, bayan la'asar

Maganar ta riga ni zuwa masallaci. Mai shayi ya san sunan kwalba, mai faci ya san launin rubutunta. Wani ya ce allurar hana haihuwa ce aka yi kuskure. Wani ya ce abin da ake samu ke nan in mace ta kama hannun namijin da ba muharraminta ba, yanzu da shari'a ta zo ai sai a gyara. Wannan mai maganar, matarsa ce Badi'a ta karɓi haihuwarta ran Litinin ɗin. Ban tuna masa ba. Mai abu a aljihu ba ya wa'azi.

Kowa sai ya juyo gare ni. "Baba Ya'u, kai ne tsohon hannu, ashe ana yin mai ja a yatsa?"

Ni kuwa sai in ce, "A zamaninmu ba a yi."

Gaskiya ce. Na auna ta ta kowane gefe, gaskiya ce. To me ya sa in na faɗe ta bakina yake ɗaci?

Laraba, 14 ga wata, hantsi

Malam Lukuman ya zo daga ofis a kan babur. Shi ke duba ƙananan asibitocin yankin nan. Yana saurayi a hannuna ya koyi naɗa bandeji, har yau in zai gaishe ni sai ya cire hula ya durƙusa. Mun gaisa, ya tambayi Marka, ya tambayi ƙafata, ya tambayi damina, sannan ya buɗe rajista. Ga shi nan da rubutun Badi'a, mai kyau kamar na ɗab'i: ligino mai adirenalin, manuniyar dama, ɗinki shida.

Ya ce, "Ke kika rubuta?"

Ta ce, "Ni ce, ranka ya daɗe. Farar ta ƙare, na rubuto..."

"Ban tambaye ki abin da ya ƙare ba. Littafin aikinku me ya ce?"

"Ya ce a guje ta a yatsa. Amma a bita..."

"Bita ce za ta mayar masa da yatsa?"

Ya miƙa mata takardar dakatarwa. Za a yi zama ran Alhamis 29 ga wata, in ya tabbata ita ce, aikin ya tafi ke nan, har da takardar shaidarta. Ta karɓa da hannu biyu.

Na ce, "Lukuman, ni ba za ka tambaye ni komai ba?"

Ya yi murmushi. "Haba Baba. Ana tambayar rijiya ko ta san ruwa? Kai dai ka riƙe mana wurin kafin a ga yadda za a yi."

Na buɗe baki. Allah ya sani na buɗe. Sai na ji ina cewa ya gaida mutanen ofis.

Alhamis, 15 ga wata

Shida a ƙusa.

Asabar, 17 ga wata, bayan la'asar

Badi'a ta zo gida. Ta durƙusa ta gaida Marka, ta zauna a bakin tabarma, ta ƙi shan ruwa. Ta rame a kwana uku. Mahaifinta ya ce daman shi bai so aikin nan ba, ta tattara ta koma gida Unguwar Tudu.

Ta ce, "Baba, na je Gwarzo na duba shi. Likitan ya ce ya ga wani kwarmi ya zagaye gindin yatsan kamar zobe. Yana zaton a gida suka ɗaura masa wani abu. Bappa ya rantse ba su taɓa bandejin ba."

Na ce, "Shi Hambalin me ya ce?"

"Ya ce shi bai san komai ba."

Ta murza bakin mayafinta. Sannan ta ce, a hankali, kamar mai taka ƙaya, "Baba, don Allah kada ka ga rashin kunyata. Robar nan... ka cire ta, ko?"

Marka tana tankaɗe a bakin madafa. Na ji rariya ta tsaya.

Na ce, "Badi'a, shekara nawa nake wannan aiki?"

Ta sunkuyar da kai. "Allah ya huci zuciyarka, Baba. Ka yafe ni. Ruɗewa ce." Sai hawaye. "Ashe dai ni ce. Na kashe wa bawan Allah yatsan da yake shahada da shi, don in nuna na je bita."

Na ce ta yi haƙuri, komai muƙaddari ne. Har addu'a na yi mata. Ta ce amin.

Ban yi ƙarya ba, tambaya na yi. Haka nake ta gaya wa kaina tun da ta fita, kamar mai lallashin jaki ya hau gada.

Lahadi, 18 ga wata, da safe

Marka ta kawo mini koko. Da na ɗaga faifan da ta rufe kwanon da shi, ga robar a kai, a wanke, an shanya ta ta bushe. Yankan almakashina yana nan a jikinta.

Rigar tana kan igiya.

Talata, 20 ga wata, azahar

Mata sun daina zuwa. Yau wata mai suna Sauda ta zo daga Durun da tsohon ciki, ƙafafunta a kumbure. Ta leƙo ta ce, "Ina Malama?" Na ce ba ta nan, amma ga ni. Ta ce maigidanta ya ce in ba mace ba ce ta juyo. Ta juya. Tafiyar awa guda a cikin taɓo.

Kafin Badi'a ta zo haka muke, sai an ga mace za ta mutu a ɗauko ta a amalanke. Na manta da wannan, ko kuma na so in manta.

Laraba, 21 ga wata, bayan la'asar

An kawo wani magidanci, Datti, fartanya ta sare shi a ƙwauri. Wurin da mai jan rubutu ta fi dacewa ke nan, ko tsohon malamina ba zai yi musu ba. Yana ganin na ɗauko kwalbar ya janye ƙafa.

"A'a Baba! Yatsa ta ci a Gude, ni ƙafa za ta ci?"

Na ce wannan ba yatsa ba ne. Na ce farar da ita uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ya ce ko tagwaye ne shi ba ya so. Na ɗinke shi ɗanye, ɗinki tara, mutum biyu suna danne shi, yana kiran sunan uwarsa.

Ɗaya daga cikin masu riƙon ya ce, "Baba, yi masa labarin nan naka mana."

Na nemi labari a kaina, ko ɗaya babu. Shekara arba'in ban taɓa ɗinki baki rufe ba sai yau.

Badi'a ta ce labarina mantar da mutum yake yi. Ba ta faɗi wane mutum ba.

Juma'a, 23 ga wata, bayan saukowa daga masallaci

Huɗuba a kan ɓoye shaida. Duk masallacin nan liman bai sami wanda zai kalla ba sai ni. Na san idonsa na hagu daman a karkace yake tun yana yaro, ni na sha sa masa magani. Duk da haka.

A bakin masallaci na haɗu da Bappa. Mun gaisa, amma gaisuwar ba ta yi tsawo ba.

Ya ce, "Malam Ya'u, ka san abin da aka yi wa yaron nan a tashar Gwarzo da aka sallamo shi? Wani kwandasta ya dubi hannunsa ya ce, 'Kai, wace kotu ce ta yi maka rangwame haka, yatsa ɗaya kawai?' Mota ta ɗauki dariya. Yaron da ko ƙwan zabuwar wani bai taɓa ɗauka ba."

Na ce wasa ne irin na 'yan tasha.

Ya ce, "A wannan zamani? Mutum ya rasa wani abu a hannu, duk kasuwar da ya shiga sai ya yi bayani. Takarda nake so, da hatimi, a rubuta abin da ya ci yatsan nan da wanda ya jawo. In ofis ba su ba ni ba, alƙali zai ba ni, kowa ya zo ya yi rantsuwa. Kai ba ruwanka, mun san ka. Kai ka yi wa Hambali kaciya."

Ni na yi masa. Ko a ranar bai yi kuka ba.

Lahadi, 25 ga wata

Ruwa tun safe. Ban fita ba.

Litinin, 26 ga wata, bayan azahar

Na zauna na yi wa kaina shari'a, ni ne alƙali, ni ne mai ƙara, ni ne lauya. Lauyan ya iya magana. Ya ce wa ya sani, watakila kwalbar ma ta taimaka, tunda ita ma tsuke jini take. Ya ce Badi'a yarinya ce, ta yi aure ta huta, kai kuwa sunanka kaɗai ka tara, ba gona ba shanu. Ya ce yatsa dai ya riga ya tafi.

Alƙalin ya ce, aikin kwalba awa nawa yake yi a jiki? Na ce 'yan awoyi, ya sake. Ya ce roba fa? Na ce sai an cire. Ya ce kwana nawa ta yi? Na ce a ɗaga zama.

Talata, 27 ga wata, magariba

Marka ta yi magana yau, tana tsince shinkafa, ko kallona ba ta yi ba.

"Malam, tatsuniyar nan da kake yi wa jikoki, ta mutumin da ya haɗiye allura don kada a ce shi ya ɓatar da ita. Yaya ma ta ƙare?"

Na ce ban tuna ba.

Ta ce, "Ni na tuna. Kuma ni ba zan yi takaba da mai allura a ciki ba. Jibi zan goge maka babbar riga."

Laraba, 28 ga wata, bayan asuba

Na mayar da robar aljihu.

Alhamis, 29 ga wata, bayan la'asar

An yi zaman a ɗakin shan maganin, aka jawo teburin ɗinki tsakiya. Lukuman da wasu mutum biyu daga ofis, wakilin dagaci, Bappa, Hambali da hannunsa cikin riga, Badi'a da mahaifinta. Ni aka ba kujera mai hannu, don girma.

Aka karanta rajista. Aka karanta takardar likita, har da maganar kwarmin nan mai kama da zobe, ɗaya daga cikin mutanen ofis ya ce wannan ai aikin gida ne ko kumburi, a wuce. Aka ce Badi'a ta yi magana. Ta tashi ta ce ita ta zaɓi kwalbar, ita ta yi allurar, ba ta da abin cewa sai neman gafara. Lukuman ya ɗauki biro.

Na ce, "Lukuman, tashi ka duba bayan ƙofar nan. Robobi nawa ne a ƙusa?"

Ya yi dariya. "Bakwai mana, Baba. Tun ina yaro bakwai ne."

"Ƙirga."

Ya ƙirga. Ya sake ƙirgawa.

Na ciro robar daga aljihu na ajiye a kan tebur. Ƙaramar aba, ko tsawon ɗan yatsa ba ta kai ba. Na ce ni na ɗaura ta ran Litinin, ni na naɗe bandeji a kanta ina ba da labarin kura, ni na yanke ta ran Laraba na sa a aljihu. Na ce yarinyar nan ta tambaye ni, na rufe mata baki da furfurata. Na ce ko kwalba tana kashe yatsa ko ba ta kashewa, wannan na bar wa masu ilimi, ni dai ban taɓa gani ba, kuma wannan karon ma ban gani ba.

Lukuman ya ce, "Baba, zauna. Ka gaji ne, kada tausayi ya sa ka ɗauki..."

Na ce, "Ɗora ta a kan takardar likita, ka ga ko zoben bai yi daidai ba."

Bappa ya miƙe. Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Ya ce, "Kwana ashirin da biyu, Malam Ya'u." Na ce ashirin da biyu. Hambali bai ɗago kai ba.

An janye dakatarwar. Ni kuma Lukuman ya ce, ba tare da ya dube ni ba, ofis na ganin lokaci ya yi da zan huta a gida. Za a ba Bappa takardarsa da hatimi, da sunana a ciki.

A bakin ƙofa na tsaya Badi'a ta wuce. Na zaci za ta yi kuka ko ta yi faɗa. Ta tsaya, ba ta durƙusa ba.

Ta ce, "Na tambaye ka, Baba."

Ta wuce.

Litinin, 2 ga Satumba, hantsi

Ban san abin da ake yi da hantsi a gida ba. Marka ta ce in matsa, ina tare mata rana.

An ce Badi'a ta koma aiki. An ce ta zare ƙusar daga bayan ƙofa. An ce Sauda ta Durun ta sauka lafiya a hannunta, namiji. Duk an ce ne, ba ta aiko ba, ni ma ban aika ba.

Lahadi, 8 ga Satumba, bayan la'asar

Hambali ya zo, shi kaɗai, da ƙwaryar nono a hannun hagu. Mun gaisa har gaisuwa ta ƙare muka sake ɗauko ta daga farko. Na tambayi shanu ɗaya bayan ɗaya. Na ce ya nuna mini hannun. Ya warke sumul, likitan Gwarzo ya iya ɗinki.

Na ce, "Hambali, haƙƙinka yana wuyana. Duk abin da Bappa ya ce, ko gaban alƙali ne, zan je."

Ya ce, "Na ce wa Bappa a bar maganar. Ya sami takardarsa, tana cikin akwati."

"Da wanne kake nuni a tahiya?"

"Na tambayi malam. Ya ce Allah ya san inda yatsan yake."

Sai na ce abin da ya daɗe yana ci na. "Ran Larabar nan, da ka kau da kai wajen taga..."

Ya ce, "Gilashi ne a tagar, Baba."

Na ce, "Ka gani, ka yi shiru? Ana shirin korar yarinyar nan?"

"Kullum ina cewa gobe za ka faɗa. Da ranar zaman ta zo ba ka faɗa ba, ban san yadda zan yi ba. Wallahi ban sani ba. Amma dattijo ya sa abu a aljihunsa, ni ne zan zura hannu in ciro?"

Na ce to yanzu in an tambaye shi a kasuwa me yake cewa.

Ya ce, "Ina cewa allura ce mai jan rubutu. Wai in aka yi wa mutum ita a yatsa, yatsan mutuwa yake."

Na ce, "Kai Hambali! Ka san ba haka ba ne. Kuma ka jawo wa Badi'a, ka jawo wa duk wanda za a ɗinke ɗanye saboda tsoro. Ka ce Ya'u ne. Ni na sa ka."

Ya ce, "Ban ce Malama ba, ban ce kai ba. Kwalba na ce. Kwalba ba ta da jikoki, Baba, ba ta zuwa masallaci." Ya ɗan yi murmushi. "Amma tunda ka ce, zan gwada. Sai dai bakina bai saba ba."

Da zai tafi ya tsaya a zaure ya ce har yau bai ji ƙarshen labarin kurar nan ba, shin ta sami ladancin? Na ce ya dawo wani jiƙon, in na sami bakin.

To, ga inda maganar ta tsaya. Na fara jin ta daga wanda ya koya mini ɗinki, na ji ta wajen mai shayi da mai faci, na ji ta a bakin Badi'a tana kuka, ni ma da kaina na ba ta tabarma har cikin ɗaka na kwana ashirin da biyu. Wanda ya gaya mini ita na ƙarshe kuwa shi ne Hambali na rugar bayan Gude, mai yatsu tara, wanda ya ga robar da idonsa.